Zoben Lamuni: yadda za ka ƙera wa warlok tsinannen zobe a wasan Dungeons & Dragons

Idan kai ne jagoran tebur, kuma cikin 'yan wasanka akwai mai riƙe da warlok, ga zobe guda da na ƙera, tare da dalilin kowace ƙa'ida da na ɗora masa. Kana iya ɗaukarsa yadda yake, kana iya sassaƙa shi ya dace da labarinka. A kan ƙa'idojin bugu na biyar na 2014 na gina shi, can gaba kuma zan faɗi abin da za ka taɓa in sabon bugu na 2024 kuke bi.

Ga wanda bai daɗe da shiga harkar ba: wasan nan a Amurka aka haife shi, a 1974, a hannun Gary Gygax da Dave Arneson. Mutane ne ke zama kewaye da tebur da takarda da fensir da ƙwayoyin jefawa irin na ludo, sai dai wasu masu fuska 8 ne, wasu 10, wasu 20. Mutum ɗaya, jagoran tebur, yana ba da labari yana hukunci, sauran kowa yana wasa da gwarzonsa. Warlok ya zama aji, wato nau'in gwarzo, mai zaman kansa a 2004, kuma abin da ya raba shi da sauran masu sihiri na cikin wasan shi ne bai yi karatu ya samu ba, ba kuma gadonsa ya yi ba. Yarjejeniya ya ƙulla da wani mai ƙarfi, ubangidansa, aka ba shi iko bisa sharaɗi. Wato tun ran da aka rubuta sunansa a takarda, ana bin sa bashi.

Daga nan nake farawa. Tsinuwar da ta dace da irin wannan gwarzo ita ce wadda ɗan wasan zai riƙa miƙa mata hannu da kansa, yana sane, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Dubi tsinannun kayan da ke cikin littafin jagora na 2014. Akwai gatarin da in an ji wa mai shi rauni sai ya jefa ƙwaya, in bai kai 15 ba ya haukace ya sari duk wanda ya fi kusa da shi, ko da abokinsa ne. Akwai garkuwar da ke jawo wa mai ita kiban da aka harba wa na kusa da shi. Suna da amfaninsu, amma duk abu ɗaya suke yi: suna faɗo wa ɗan wasa ne daga sama. Ya ɗauka bai sani ba, ya sha wuya, ya nemi mai cire masa, labari ya ƙare. Warlok ya cancanci abin da ya fi wannan.

Fara da yunwarsa

Kafin ka rubuta komai, buɗe jadawalin ajin ka duba guraben sihirinsa, wato damar jefa sihiri da yake da ita: duk babban sihirin da ya jefa yana ƙone gurbi ɗaya. A mataki na 1 gurbi ɗaya gare shi. Daga mataki na 2 har zuwa na 10, biyu rak. Sai a na 11 yake samun na uku, a na 17 na huɗu. Mai sihirin karatu da ke zaune kusa da shi yana da gurabe 9 a mataki na 5, yana da 15 a mataki na 10. An ce ai warlok yana cike nasa bayan gajeren hutu na awa ɗaya, kuma gaskiya ne. Amma littafin jagora ya yi lissafinsa ne a kan faɗa shida zuwa takwas a yini da gajeren hutu kamar biyu a tsakani, teburan da na sani kuwa ba haka suke wasa ba. Faɗa ɗaya ne babba ko biyu, sai a kwanta. Sai ka ga mai warlok ya ƙone gurabensa biyu a zagayen farko, daga nan har a tashi Eldritch Blast, sihirin da ba ya cin gurbi, yake harbawa. Ba raini ba ne ga wannan sihirin, ƙwaya mai fuska 10 ce a kowace harbi, harbi biyu daga mataki na 5, ga ƙarin makin kwarjini in ya zaɓi dabarar Agonizing Blast. Sai dai duk wanda ya taɓa riƙe ajin ya san zafin da ake ji lokacin da abokin gaba ya ɗaga hannu zai yi mugun sihiri, kana da Counterspell, sihirin da ke karya sihirin wani, a takardarka, ba ka da gurbin da za ka jefa shi.

Wannan zafin shi zoben zai saya. Zobe mai ƙara maki ɗaya a kariya ba zai sa kowa ya yi kasada ba. Gurbi na uku a tsakiyar faɗa kuwa, mai warlok zai biya kusan komai a kansa.

Don ka san awon abin da kake bayarwa, kwatanta da sandar Rod of the Pact Keeper: tana mayar da gurbi ɗaya, sau ɗaya kafin dogon hutu, kuma tana cinye aikin zagayen gaba ɗaya. Zobena ya fi ta karimci da gangan, saboda shi akwai biya a bayansa.

Ga zoben

Sunansa Zoben Lamuni. Na tagulla ne, da ɗumi a jikinsa ko da sanyi ake yi, da 'yan ƙusoshi bakwai masu ƙyalli a kewaye. Warlok kaɗai ke iya ƙulla alaƙa da shi, kuma yana cin ɗaya daga cikin gurabe uku na kayan sihiri da kowane gwarzo ke da su. Ka sa shi a sahun kayan da ba a cika samu ba, ka bayar da shi wajen mataki na 5, lokacin da guraben warlok suka koma na daraja ta 3 kuma ya fara riƙe sihirin da ke juya faɗa, irin su Hypnotic Pattern da Fly.

Kyautarsa layi ɗaya ce: da ƙaramin aikin ƙari a zagayensa, wanda ba ya cinye babban aikinsa, mai zoben yana mayar da gurbi ɗaya da ya ƙone. Babu iyakar sau nawa a yini. Iyakar tana jikin ƙusoshin.

Duk lokacin da ya karɓa, ƙusa ɗaya tana yin baƙi, ƙwayar jinyarsa ɗaya kuma ta kulle. Ƙwayoyin jinya su ne waɗanda gwarzo ke jefawa a gajeren hutu don ya warke, ɗaya ga kowane mataki, na warlok masu fuska 8 ne. Wadda ta kulle ba ta dawowa da barci, sai an biya. In duk sun kulle ya kuma karɓa, sai a rage 5 daga ƙololuwar makin ransa a kan kowace ƙusa.

Na zaɓi ƙwayoyin jinya ne saboda ciwonsu ba ya zuwa nan take. Ɗauki warlok na mataki na 5 mai ƙarin 2 a ƙarfin jiki: makin ransa wajen 38, ƙwayoyinsa biyar, kowace tana mayar masa da 6 ko 7 a matsakaici. Ran da ya karɓi lamunin farko ba zai ji komai ba, zai ma ceci abokansa a tafa masa. Sai bayan zama biyu ko uku, an fito daga faɗa kowa yana ɗaure rauninsa, shi ya duba takardarsa ya ga ƙwaya biyu suka rage masa. Kamar littafin bashin mai shago ne, ranar ɗauka da daɗi, ƙarshen wata ake sanin nauyinsa. Kuma ka lura, gajeren hutun da ajinsa ya dogara da shi ne zoben ke ci a hankali, don haka yana ƙara rauni yana ƙara buƙatar gama faɗa da wuri, yana ƙara kallon yatsansa.

Ƙusoshin ba daidai suke ba. Ta farko da ta biyu, zoben yana fita daga yatsa lafiya lau, ɗan wasa yana iya cire shi ya jefar, ƙwayoyinsa su dawo bayan dogon hutu. Wannan ƙofa ce da nake bari a buɗe da gaske. A ta uku ake rufe ta. Kafin ya karɓi ta ukun, ina dakatar da wasa in dube shi in ce: wannan ba irin na baya ba ne, kana jin zoben yana matse maka yatsa, ka tabbata? In ya ce e, zoben ba ya ƙara fita, kuma a daren nan mai zoben na ainihi zai yi masa magana ya faɗi sunansa.

A ta biyar, mai bin bashin yana gani da idon warlok yana ji da kunnensa duk lokacin da ya so, ubangidan warlok kuma ya farga cewa yaronsa yana cin abincin wani gida. Kowace safiya bayan dogon hutu, ɗan wasan zai jefa ƙwayar tsira ta ƙarfin jiki a kan 15, in ya faɗi ya wuni da gajiya mataki ɗaya, wadda ba ta taruwa a kan ta jiya. Kada ka sa jifan ya zama na kwarjini ko na hikima, domin a nan warlok ya ƙware. Mai kwarjini 18 a mataki na 5 yana da ƙarin 7, zai tsallake 15 sau 65 cikin 100. Da ƙarin 2 na ƙarfin jiki kuwa sau 40 ne cikin 100. Kuma kada ka bari gajiyar ta taru, don a ƙa'idar 2014 mataki na uku yana lalata hari da tsira, na shida kuwa mutuwa ne.

A ta bakwai, mai bashi yana zuwa da ƙafarsa.

Wane ne mai bashin

A nan nake so ka zauna ka ɓata lokaci, domin lambobin da na lissafa a sama jikin zoben ne kawai. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ce zoben na ubangidan warlok ne. In haka ne babu wani sabon abu, bashin da ake bin sa dama ya ɗan ƙaru. Ka sa zoben ya zama na wani daban, wanda ke kishin ubangidan ko yake da tsohuwar gaba da shi. Nan take labari ya samu ƙafa uku: yaro, ubangida, da mai zawarcin yaron.

Ni ifiritu na zaɓa, ɗan kasuwa daga Birnin Tagulla da ke Duniyar Wuta a taswirar wasan. Ina son sa saboda ba ya ƙarya kuma ba ya ihu. Yana gaisuwa, yana tambayar lafiyar abokan tafiya da sunayensu, yana faɗin adadin ƙusoshin da suka yi baƙi kamar mai karanta rasit. In ka ba shi murya mai ladabi, 'yan wasa sun fi jin tsoronsa. A littafin dodanni na 2014 ifiritu yana da makin rai 200 da darajar haɗari 11, wato ayarin mataki na 5 ko na 6 ba za su iya da shi ba gaba da gaba, kuma ya kamata su gane haka tun kafin ya iso.

Ka daidaita shi da ubangidan da ɗan wasanka ya zaɓa. In ubangidan daga manyan aljanun daji ne, to kishi zai yi, ya aiko da kyauta mai dafi ko ya daina amsa kira. In wata tsohuwar halitta ce ta can bayan taurari, Babban Tsoho, wataƙila bai ma san yaron yana raye ba, sai zoben ya zama abin da ya fara jawo hankalinsa, wanda ya fi fushi muni. In na sama ne mai haske, baƙin ciki zai nuna, kuma na ga wannan ya fi taɓa ɗan wasa fiye da barazana. In kuwa ubangidan aljani ne irin wanda littafin ƙari na 2020 ya kawo, mai kashi huɗu na ƙasa da iska da wuta da ruwa, ka tuna cewa wannan warlok ɗin yana da mazubinsa, abin sihiri da aljanin ya ba shi, kuma zobe yana cikin siffofin da mazubin ke iya ɗauka. Kada ka haɗa su su zama abu ɗaya. Bar masa mazubinsa, ka sa mai bashin ya fito daga kashin da ke gaba da na ubangidansa, na wuta a kan na ruwa.

Wata magana da nake ɗauka da muhimmanci: a teburinmu akwai waɗanda ba sa jin daɗin labarin ƙulla yarjejeniya da shaiɗan ko da a wasa ne, kuma suna da haƙƙinsu. Tambayi mutanenka tun farko. Zoben yana aiki daidai in mai bashin tsohuwar sarauniyar daji ce ko wani matsafin sarki da ya daɗe da mutuwa.

Yadda ake biya

Kowace ƙusa ana wanke ta da aiki ɗaya da mai bashin ya nema. Rubuta ayyukan a ƙananan katuna tun kafin zama, ka riƙa miƙa wa ɗan wasan biyu ya zaɓi ɗaya, ko ya ƙi duka ya ci gaba da ɗaukar nauyinsa. Na ƙusoshin farko su zama masu sauƙi da ɗan wari a jikinsu: kai wannan wasiƙa gidan wane kada ka buɗe, bar fitila tana ci a bakin rijiyar garin har asuba. Na tsakiya su taɓa ubangida: faɗa mini sunan da yake ɓoyewa, kashe wutar da ke ɗakin bautarsa dare ɗaya. Na ƙarshe su taɓa mutumin da ayarin ke ƙauna a cikin labarin, mai masaukin da ya ɓoye su ko yarinyar da suka ceto. Ba sai an ce a kashe kowa ba. Karɓo takardar gonar mai masaukin ka kawo mini ya isa ya sa tebur ya yi muhawarar rabin awa.

Iyaka ɗaya ce ba na ƙetarewa: aikin ba ya zama cin amanar sauran 'yan wasa a ɓoye. Kada ka miƙa wa mutum kati ka ce ya saci kayan abokinsa ko ya bar shi ya mutu. Ɓacin ran da wannan ke haifarwa ba ya tsayawa a cikin labari, yana bin mutane har gida. Ni a fili nake karanta katunan kowa yana ji, ko da gwarazan sauran ba su sani ba. 'Yan wasa sun iya raba abin da suka ji da abin da gwarzonsu ya sani, kuma jin daɗinsu ya fi yawa in suna kallon abokinsu yana auna zaɓi.

Ran da ƙusa ta bakwai ta yi baƙi, kada ka kashe gwarzon. Ifiritun ya zo ya zauna ya shimfiɗa hanyoyi: warlok ya bar ubangidansa ya koma ƙarƙashinsa, wanda a takarda yana nufin sauya reshen aji, ko ya ba da wani abu da ba ya dawowa, kamar sunansa ko tunanin mahaifiyarsa, ko ayarin su yi masa babban aiki guda da zai ci zama uku ko huɗu, ko su yi faɗa in sun ga za su iya. Duk wadda aka bi, ka samu labarin da zai riƙe teburinka tsawon watanni.

Ramin da ke cikin ƙa'ida

Sihirin Remove Curse, mai cire tsinuwa, na daraja ta 3 ne, kuma yana cikin jerin da warlok ke iya koya da kansa tun daga mataki na 5. A ƙa'ida, in an jefa shi a kan tsinannen kaya, tsinuwar tana nan a jikin kayan amma alaƙar mai shi da shi ta yanke, sai ya cire ya yar. In ba ka shirya wa wannan ba, duk gininka zai rushe da gurbi ɗaya. Kada kuma ka ce sihirin bai yi aiki ba, wannan zalunci ne ga wanda ya kashe zaɓinsa a kai. Rubuta a bayanin zoben cewa sihirin yana sakin yatsa, yana toshe idon mai bashi, yana ɗauke gajiyar safiya, amma ƙwayoyin da suka kulle suna nan a kulle har a biya, domin bashi ne da aka karɓa da yarda. Sanar da ɗan wasan wannan a daren ƙusa ta uku, daga bakin ifiritun kansa.

Haka batun Identify, sihirin gane kaya. Littafin jagora ya ce yawancin hanyoyin gane kaya ba sa tona tsinuwa, wannan sihirin ma yana ciki. Ina bin ƙa'idar, amma ina zuba alamu. Zoben a yatsan gawar wani warlok ake samun sa, ƙusoshinsa suna komawa fari a gaban idon ayarin yayin da ake zare shi. Mai sayen kayan sihiri na gari ya ƙi ko taɓa shi. Wanda ya iya harshen halittun wuta zai karanta rubutun ciki: karɓi yanzu. Ɗan wasa mai lura zai gane akwai magana, kuma yawanci zai saka shi duk da haka, wanda shi ne abin da kake so.

A kan tebur, jera tsakuwa bakwai farare a gaban mai zoben, ka riƙe baƙaƙe a hannunka kana musanyawa. Ganinsu yana aiki fiye da lamba a takarda. Tayin kuma sau ɗaya ake yin sa a faɗa, a daidai lokacin da gurabensa suka ƙare kuma wani abokinsa ya faɗi: zoben ya yi ɗumi. Ka faɗi haka ka yi shiru. In kana tuna masa kowane zagaye, ka zama kai ne ke tura shi, zaɓin ya tashi daga nasa.

In bugun 2024 kuke bi, ga abu biyu da suka sauya. Warlok yana da wata dabara tun mataki na 2 da ke mayar masa da rabin gurabensa bayan minti ɗaya na shiri, sau ɗaya kafin dogon hutu, don haka yunwarsa ta ɗan ragu. Amma minti ɗaya zagaye goma ne, a tsakiyar faɗa zoben bai da abokin takara. Na biyu, dogon hutu yanzu yana mayar da dukkan ƙwayoyin jinya maimakon rabi, saboda haka kullewar ta fi fitowa fili, ba sai ka ƙara mata komai ba. A kowane bugu, zoben guraben yarjejeniya kaɗai yake mayarwa. Manyan sihirin nan na daraja ta 6 zuwa sama da warlok ke fara samu a mataki na 11 ba su shiga ciki.

Zai iya faruwa ɗan wasanka ya karɓi lamuni biyu, ya ji gargaɗin na uku, ya zare zoben ya jefa a kogi. Kada ka mayar masa da shi cikin jaka da dare, kada ka hukunta shi. Ba shi ƙwayoyinsa bayan dogon hutu kamar yadda ka alkawarta. Sai ka rubuta a littafinka wanda ya tsinci zoben a gaɓar kogin, ka zaɓo shi daga mutanen da ayarin suka riga suka sani, ka fara ƙirga masa ƙusoshi ɗaya bayan kowane zama biyu.